Yadda ake tsara 'yar waƙar raha daga maganar unguwa

Kada ka fara da jigo. Duk wanda ya zauna ya ce yau zai yi waƙa a kan haƙuri, ko zaman duniya, ko lalacewar tarbiyyar matasa, kafin la'asar zai haifo wa'azi mai amsa-amo, irin wanda ake saurara don kunya ana satar kallon waya. Waƙar da nake nufi ƙarama ce, ta raha, baiti uku zuwa biyar, wadda za ka rera wa abokai su yi dariya, kwana biyu ka ji wani yaro yana maimaita ɗango ɗaya, wato layi ɗaya na baitin, a bakin famfo. Irin wannan daga kunne take farawa. Wani ya faɗi magana a gabanka, ta maƙale maka, ka tafi da ita gida.

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Ban buga littafi ba, ba na roƙo da waƙa, ba a kuma kirana gidan biki saboda ita. Ɗan abin da na iya na tsince shi ne a makarantar allo, da wurin waƙoƙin bege na watan Maulidi, da zaman shago inda mutane ke shigowa da baki a buɗe. Wanda yake neman zama babban sha'iri ya nemi malami. Wannan hanya ce ta mai sha'awa, wanda ke da sana'arsa, yake ɗan wasa da kalmomi tsakanin aiki da aiki.

Abu na farko, ka sami wurin ajiya. Nawa shi ne bayan littafin awo, don haka za ka ga ɗangon waƙa a ƙarƙashin faɗin kafaɗar wani da tsawon wandonsa. Waya ma ta yi, har ta fi ta wani ɓangaren, domin tana riƙe murya. Ka rubuta maganar yadda aka faɗe ta, kada ka gyara wa mai ita Hausa. A nan sai ka ji an ce "Hajiya ya tafi kasuwa", ba wanda zai ɗaga gira. Ka ajiye ta haka tukuna, gyara yana gaba idan ana bukatarsa. Wuraren da magana ke zuba kyauta kuwa ba su da wuyar samu: layin koko bayan sallar asuba, tashar motocin da ke lodi zuwa Tamale da Bolga da Bawku, titin Alabar wajen masu goro da turare, cikin kasuwar Kejetia inda ake ciniki ɗaya da harshe uku, da kowace inuwa washegarin ranar da aka ci ƙungiyar ƙwallon Kotoko a filin Baba Yara. Bayan motar haya ta trotro ma littafi ne mai tafiya, sai dai abin da aka rubuta a can an riga an goge shi ya yi santsi. Ka fi neman maganar da mai ita ke faɗa kullum har ya daina jin ta: uzurin mai bashi, kukan mai sayarwa, faɗan uwa da ɗanta.

A sana'armu, musamman kwanakin da suka rage wa Sallah, akwai jumlar da ke fita daga bakin kowane tela daga Asawase har Sawaba: "Ka dawo da yamma, wuta ce ta ɗauke." Shekarun dumso, wato yawan ɗaukewar wuta, wajen 2015, gaskiya ce tsagwaronta. Daga baya ta zama gado, har masu keken ɗinki na ƙafa, wanda ba ruwansa da lantarki, suna faɗinta ba ko ƙifta ido. Ka maimaita ta a bakinka sau da yawa, a hankali, kana ƙwanƙwasa tebur: ka-da-wo, da-yam-ma, wu-ta-ce, ta-ɗau-ke. Ka ji abin da ke faruwa? Gaɓa ɗaya gajeriya, biyu masu tsawo, sau huɗu a jere. Wanda ya fara faɗin wannan uzuri bai san ya yi ɗangon waƙa cikakke ba.

A nan ya kamata in tsaya, domin nan ne yawancin masu sha'awa ke tuntuɓe. Karin rubutacciyar waƙar Hausa ba yawan kalmomi ba ne, ba ma yawan gaɓoɓi kaɗai ba ne, nauyinsu ne. Gaɓa iri biyu ce. Akwai mara nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ka" ko "wu" na wuta. Akwai mai nauyi, kuma ta hanya uku take samun nauyin: ko wasalin ya zama dogo, kamar "da" da "wo" na dawo, waɗanda ake ja, ko wasali biyu su haɗu, kamar "ɗau" da "sai", ko baƙi ya rufe gaɓar, kamar "yam" da "ham". Matsalar ita ce boko ba ya nuna dogon wasali. "Da" na "da yamma" da "da" na "a da can" rubutunsu ɗaya, amma na biyun ya fi na farkon tsawo. Ajami yana nunawa, da alif da wawu da ya, shi ya sa wanda ya yi zaman allo yake da ɗan rinjaye a nan ko bai sani ba. Wanda bai yi ba kada ya damu, bakinsa ya san bambancin tun yana goye. Abin da ake bukata kawai shi ne ya daina aunawa da ido.

Tsarin gajeriya ɗaya da masu nauyi biyu shi malamai ke kira mutaƙarab, kowane jerin gaɓa uku ana ce masa ƙafa, ƙafarsa kuwa fa'ulun. Yana cikin ma'aunan da Khalil bin Ahmad na Basra ya tsara wa waƙar Larabci a ƙarni na 8, guda 15, aka ce ɗalibinsa Akhfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Marubutan Hausa sun ari da yawa daga ciki, irin su kamil da ramal da basiɗ da mutadarak, suka tanƙwara su yadda harshen zai ɗauka. Ba sai ka haddace su ba. Ka riƙe ɗaya ka zauna a kansa har ya zama jiki. Ni mutaƙarab na riƙe, don shi ne ya dace da takun feda idan ina ɗinki a hankali, kuma maganar Hausa ta yau da kullum tana yawan faɗawa cikinsa da kanta.

Da ka sami ɗangon farko, sai ka dubi ƙarshensa. Namu ya ƙare da "ke". Kafin ka rubuta komai, ka jero kalmomin da ke ƙarewa haka, kuma suke zaune a duniyar maganar: ɗinke, yanke, wanke, farke, sake, keke, wake. Su za su nuna maka inda baitin zai bi, ba kai za ka ja su ba. Ga abin da ya fito mini:

Ka dawo da yamma, wuta ce ta ɗauke,
Da hannu nake yi, da ƙyar za a ɗinke,
Ina rantsuwa tun da safe na yanke,
Kuɗin dai ka manta, da su na ci wake.

Ka lura da jerin. Ɗango uku na farko ƙarya ce tana hawa kan ƙarya, na huɗu ne gaskiya ta suɓuce. Abin dariyar a kalmar ƙarshe ta ɗangon ƙarshe yake, kuma nan ne muhallinsa kullum. Da na sa wake a ɗango na biyu, da baitin ya mutu tun bai kai ƙofa ba. Saboda haka idan ka jero kalmomin amsa-amo, ka ware wadda ta fi ban mamaki ka ɓoye ta, ka gina sauran su kai ka gare ta. Sau da yawa nakan rubuta ɗangon ƙarshe kafin na biyu da na uku.

Wanda ya ƙwanƙwasa tebur da kyau zai ce a ɗango na uku "fe" na safe gajere ne, alhali wurin na mai nauyi ne. Haka ne, kuma mutaƙarab ya yarda da wannan: gaɓar ƙarshe ta ƙafa tana iya gajarcewa ba tare da kari ya karye ba. Abin da ba ya yafewa shi ne ka sa mai nauyi a farkon ƙafa, inda gajeriya take. Nan take harshe zai yi tuntuɓe, mai saurare ya ji kamar an taka masa ƙafa ko bai san dalili ba.

Ga yadda ake gyara irin wannan karaya. Tun 2007 aka sauya kuɗin Ghana, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, amma iyayenmu mata har gobe da tsohon lissafi suke ciniki. Sidi ɗari a bakinsu miliyan ne, don haka kowane ɗan Zango, wato unguwannin Hausawa na nan, miloniya ne kafin ya karya kumallo. Zamanin da sidi ɗaya ke sayen koko, na tsinci wannan a bakin mai kokon layinmu, cif a kan kari ba tare da na taɓa ko harafi ba: "Dubu goma koko, dubu goma ƙosai." Sai kaya suka yi tashin gwauron zabo, a ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, dubu goma ta koma dubu hamsin. Tsadar ba aljihuna kaɗai ta taɓa ba, har karin waƙata ta karya. Gwada ka ji: du-bu-ham, sin. Bayan ƙafar farko ana jiran gajeriya, sai ga "sin" da nauyinta. "Goma" tana shiga don "ma" gajere ne. "Hamsin" gaɓoɓinta biyu duk masu nauyi ne, dole a sa mata wata 'yar ƙaramar kalma a gaba ta share mata hanya. Na cire "dubu", na sa "da":

Dubu goma koko, dubu goma ƙosai,
A da ne, a yau ko da hamsin da ƙyar dai.

Na rera mata wata safiya ina miƙa kofi. Ta ci gaba da zuba wa na gabana, ta ce, "Malam tela, waƙa ba ya biyan kuɗin gawayi." Na ce, "Mma, ai yabo ne." Ta ce, "Yabo? Ka je ka tambayi masu gero, ɗana, ba ni na sa tsada ba." Kafin in kai shago amsarta ta zauna da ƙafafunta huɗu: "Ka je tambayo can wurin masu gero." Wanda ka yi wa waƙa yakan ba ka baiti na gaba kyauta, in dai ka yi shiru ka bar shi ya rama.

Dabarun daidaita ɗango ba su da yawa. Ka juya jerin kalmomi, Hausa tana ba da wannan dama sosai: "na kunna turare" ta ƙi shiga, "turare na kunna" ta shiga. Ka gutsure kalma yadda marubutan da can suka saba yi: ɗaya ta zama ɗai, maka ta zama ma, zama ta zama zam. Ka musanya kalma da 'yar'uwarta mai wani nauyin, wurin ko gun, kuɗi ko sulalla. In duk sun ƙi, sai ka ciko da dai, ko kam, ko fa, ko ma. Amma waɗannan 'yan cike gurbi ne, ɗaya a baiti ya isa. Na sha jin waƙar da idan ka tsince "dai" da "kam" daga cikinta, abin da zai rage ba zai cika cokali ba.

Sai siffar baiti. Mai ɗango biyu ita ce 'yar tagwai, akwai 'yar uku, 'yar huɗu, 'yar biyar. Mai farawa ya fara da 'yar tagwai, ta fi saurin biyan wahala. Amma 'yar biyar ta fi daɗin wasa, saboda amsa-amo biyu take ɗauka: ɗango huɗu na farko suna da nasu ƙarami, wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuma yana riƙe da babban amsa-amo wanda ba ya sauyawa har waƙa ta ƙare. Mai saurare yakan zauna yana jiran na biyar ɗin, kai kuma ka san yana jira. Da manyan ruwan sama na watan Yuni, lokacin da kwatocin Aboabo ke cika su bar mana baƙi masu fiffike, na yi wa ɗaya daga cikinsu wannan:

Ashe kai a kunne kake gaisuwa,
Turare na kunna, ka ce ƙaruwa,
Kumatu na mara, ka bar unguwa,
Ka dawo da dangi kamar kasuwa,
Jinin nan na tela, kunu ne kawai.

A nan ƙafar ƙarshe ta kowane ɗango an datse ta, gajeriya ɗaya da mai nauyi ɗaya, shi ma halal ne, muddin ka riƙe shi haka har ƙarshe. Ko'ina a baitin ban ambaci sunan sauro ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayata da wa nake. Idan abin da ka zana ya fito, suna ya zama kaya. Ka kuma lura da cewa da shi nake magana kai tsaye, kamar maƙwabcin da ya dame ni. Wannan dabara tana buɗe ƙofa fiye da yadda ake zato: ka yi wa allurar da ta ɓace magana, ko akuyar da ke cin takardar talla a jikin bango, ko ragon Layya da ke kallonka ya san abin da ake ciki, ko fankar da ke juyawa ba iska. Da zarar ka ce wa abu "kai", ya zama yana da hali, hali kuwa shi ake wa dariya.

Kafin ka ɗaure kanka da babban amsa-amo, ka ƙirga dukiyarka. Na zaɓi "ai" ne bayan na ga ina da kawai, akwai, bakwai, ƙwarai, sarai, da mai. Baiti na biyu ya ƙare da shawarar da na ba baƙon, cewa ya koma Ahodwo, unguwar masu hali, wadda bakinmu ke kira Ahojo: "Ka je can Ahojo, jinin na da mai." Wanda ya zaɓi amsa-amon da kalmominsa uku ne a duniya, a baiti na huɗu zai fara ƙirƙiro Hausar da ba a taɓa ji ba. A ɗaya gefen kuma, "wa" da "ba" da "na" sun yi arha da yawa, rabin ƙamus da su yake ƙarewa. Sun isa ƙaramin amsa-amo, kamar yadda na yi a sama, amma waƙar da ta dogara da "ba" daga farko har ƙarshe ba ta sa mai ita gumi ba, kuma ana ji. Wani sauƙi da mu mutanen nan muke da shi: bakinmu bai cika raba "k" da "ƙ" ba, don haka leƙe da wanke suna amsa wa juna a kunnen ɗan Kumasi. In waƙar a unguwa za ta tsaya, ka ci moriyar abinka. In za ka tura wa wani a Kano ko Zariya, ka san zai ji.

Wannan ya kawo maganar wace Hausa za a yi waƙar da ita. Ra'ayina, wadda kake cin abinci da ita. Trotro sunanta trotro, keken haya mai ƙafa uku pragya, kuɗin waya momo. Kada ka je ka ɗauko kalmar da ba ka taɓa furtawa ba don a ce ka iya, za ta zauna a ɗangon tana zare ido. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su Gwanja, daga Salaga aka gangaro kudu, harshen ya yi fiye da shekara ɗari yana cuɗanya da Twi da Dagbani da sauransu, ba abin kunya ba ne ya ɗauko ƙurar hanya. Iyaka dai kalmar aro ta shigo don ita ce sunan abin, ba don ta cike maka rami ba.

Akwai masu cewa waƙa ba ta kamata da ƙananan abubuwa ba, sai wa'azi da bege. Nakan tuna musu da Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi ya yi limanci har ya rasu a 1934. Babban malami ne, ya yi waƙa da Larabci da Hausa, kuma bai tsaya a kan mumbari kaɗai ba: ya yi a kan talauci da yadda ake wulaƙanta mara abin hannu a cikin jama'a, ya yi a kan zuwan Turawa, ya yi a kan annobar mura ta 1918. Abin da idonsa ya gani a ƙasar nan shi ya rubuta, kuma an tattara rubuce-rubucensa da dama a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon. Ba ina haɗa waƙar saurona da aikinsa ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne kallon abin da ke gabanka tsohuwar al'ada ce a wannan ƙasa, ba sabon iskanci ba.

Al'adar magabata ce a buɗe waƙa da sunan Allah da salati, a rufe da sunan mai ita, wani lokaci har da shekarar da aka yi ta a dunƙule cikin haruffa, abin da ake kira ramzi. A doguwar waƙa mai nauyi ka bi wannan. A 'yar waƙar raha ni ba na sawa, kuma dalilina na takarda ne: abin da aka rubuta a guntun takardar shago yana iya ƙarewa a ƙunshin ƙosai ko cikin kwata, bai kamata a sami sunan Allah a kai ba. Haka ma aron murya. Ɗora sababbin kalmomi a kan karin wata waƙa da kowa ya sani hanya ce mai sauƙi ta koyon kari, kuma marubuta sun daɗe suna yi. Amma kada ka ɗauki muryar waƙar bege ka ɗora mata akuya, balle a gaban dattawa. Ka ari ta wasan yara ko ta daka.

Raha tana da iyaka, kuma a Zango iyakar kusa take, don gidajenmu bango ɗaya ne. Ka fara da kanka da sana'arka, a nan ba mai kai ƙararka. Kada ka kama suna. Kada ka taɓa halittar mutum, ko matarsa, ko mahaifiyarsa. Habaicin da unguwa duka za ta gane da wa ake ba habaici ba ne, zagi ne da hula. Ƙabila kuwa sai inda akwai wasa tun asali, kamar Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, ko Dagarti da Frafra da tsohuwar gardamarsu ta kan kare. A nan ma kai ka kasance ɗan ɗaya ɓangaren, ba ɗan kallo ba. Kaka da jika, da taubasai, su ma fili ne a buɗe. Bambancin ɗariƙa da aƙida ka bar shi inda ka gan shi. Shekarar zaɓe kuma, daga an shiga watannin kusa da Disamba, ka kiyayi giwa da lema, alamun manyan jam'iyyun ƙasar biyu, a cikin waƙa, ko da giwar daji kake nufi da lemar ruwa. Mazaɓar Asawase ba wurin da za a yarda da kai ba ne.

Gwaji shi ne mataki na ƙarshe, kuma da baki ake yinsa. Ka rera a waya, ka bar ta ta kwana, ka saurara da safe kana wani aikin. Duk inda ka ji kanka ka yi sauri don ka cusa kalma, ko ka ja wasalin da ba a ja, nan ne ciwon yake. Sannan ka kai ta gaban mutane. Yaran shagonka ba shaidu ba ne, dole su yi dariya. Matarka ma ba shaida ba ce, ko dai ta tausaya maka ko ta gaji da kai. Ka je majalisar matasa, wadda a nan ake ce wa bes, inda ake dafa ataya. Kada ka fara a zagayen farko, mai ɗaci, lokacin kowa na da labarinsa. A na uku kuma an fara miƙewa. Na biyu ne lokacinka. Kada ka yi gabatarwa, kada ka ce "ba ta yi kyau ba amma ku ji", ka rera kawai. Ka sa ido a kan wanda ba ya son ka sosai. Idan dariya ta zo kafin ɗangon ƙarshe, ka sa abin dariyar da wuri, ka matsar da shi. Idan sai ka yi bayani aka gane, ka cire baitin gaba ɗaya, kada ka yi masa jinya. Waƙar baiti bakwai da aka yanke ta koma huɗu kusan kullum ta fi.

Wadda ta tsira, ka kwafe ta a littafi na daban mai bango mai ƙarfi, ka sa wata da shekara da wurin da ka tsinci maganar. Ka ajiye shi a leda, a sama, don laimar Kumasi da gara ba su san baiti ba, waya kuma ana sata.

In kana son abin farawa yau, ga ɗango na tsinta a bakin wani mai pragya, na gutsure masa ɗaya ta zama ɗai: "Mutum ɗai ya saura, ka hau babu tsoro." Karinsa irin na uzurin tela ne, ƙafa huɗu cikakku. Kalmomin da ke jiranka su ne goro, yaro, sauro, taro, ƙwaro, horo, gero da trotro. Ka zaɓi wadda za ka ɓoye wa ɗango na huɗu, ka rubuta shi tukuna, sannan ka nemo biyun tsakiya. Ka bari sai ka sauka ka biya kafin ka rera wa direban.